Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga malaman bita: ku ara mana minti 10 kan allurar mura

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malamaina masu yi wa maniyyata bita a jihohi da ƙananan hukumomi, Allah ya gafarta muku, ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Ni ma dai malam ake ce min a unguwa, amma malamin asibiti, irin wanda ake buga wa ƙofa ƙarfe 2 na dare a ce yaro ya shiɗe ko ƙarin ruwan tsohuwa ya tsaya a zo a duba. Karatuna na addini bai wuce na gyara sallah ba, saboda haka ba fatawa na zo yi a gabanku ba, wane ni. Alfarma na zo nema. Sai dai kafin in nema bari in fara tona wa kaina asiri, don abun da zan roƙe ku kada ku yi ni na riga na tafka shi, kuma har yau gori nake sha a kai.

Shekarar da Kawuna ya biya kujera ni na tasa shi gaba sai ya yi allurar mura. Dattijo ne ya haura 65, ga ciwon suga ga hawan jini, ga shi irin mutanen nan da ko Panadol sai an yi da gaske suke sha. Allurar ba ta cikin waɗanda ake buga wa hatimi a katin nan ruwan ɗorawa, wato ta sanƙarau da ta shawara da ɗigon shan inna, ita wannan sai da muka sha yawon nema kafin muka samu a wani asibitin kuɗi, kuma daga aljihunsa aka biya. Yana naɗe hannun riga yana hararar sirinjin ya ce min, "Wai ita wannan maganin me take yi ne?" Ni kuma na gaji da musu, so nake a yi a gama, sai kawai na ce, "Kawu in aka yi maka wannan, kai da mura sai dai ka gani a jikin wasu." Haka na faɗa wallahi, ko a jikina.

Toh ranar da jirginsu ya sauka muka je tarbo shi, tun kafin in hango hiraminsa na jiyo tarinsa, ba shi kaɗai ba kuwa, kusan duk ayarin haka suke fitowa, wannan ya yi wancan ya amsa kaman ana karɓa-karɓa. Washegari zaure ya cika maƙil da 'yan barka da sauka, ana zagayawa da zamzam a ɗan ƙaramin kofi, ana miƙa dabino da bagaruwa, ina shigowa na durƙusa zan gaishe shi sai ya ɗaga carbi ya nuna ni, muryar nan duk ta dishe, ya ce, "Kun ga wannan? Shi ya sa aka tsira min allura aka karɓe min kuɗi wai ba ni ba mura. Tun daga Mina nake tari har yanzun nan ban huta ba." Zaure ya kwashe da dariya, ni ma na yi yaƙe, ya zan yi. Abun da ya fi min ciwo sai a shekarar da ta biyo baya, mutum biyu daga majalisarsa suka tafi, dukkansu masu ciwon suga, na je musu da maganar allura suka ce a kai kasuwa, ai sun ga yadda ta ƙare da Alhaji. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma ni na haƙa shi da bakina.

Allurar dai ba ta yi wa Kawu alkawarin komai ba. Ni na yi.

Matsalar ta farko a harshenmu take, kuma ina ga ku da kuke da ilimin lugga za ku fi kowa gane ta. Mu komai mura ne. Hanci ya toshe mura, atishawar ƙurar hunturu mura, maƙogwaro ya yi kaushi saboda sanyin esi mura, wadda kuma za ta kwantar da ƙato kwana 7 har ta gangara masa huhu ita ma mura. A asibiti kuwa abu biyu ne mabambanta. Akwai murar yau da gobe, wadda ƙwayoyin bairos iri sama da 200 ke haddasawa, kwana kaɗan ta yi ta wuce. Akwai kuma wadda ake kira infuluwenza, ƙwayarta daban, halinta daban, kuma ita kaɗai allurar ta sani. Sauran ɗari biyun nan ko kallo ba su ishe ta ba. Kuma binciken da ake yi wa majinar alhazai shekara da shekaru ya sha nuna cewa ƙwayar da aka fi samu a tarin alhazai ita ce ta murar yau da goben, infuluwenza tana ciki amma ba ita ce mai rinjaye ba. Kenan ko da allurar ta yi aikinta ɗari bisa ɗari, alhazai da yawa za su dawo suna tari. In ba a gaya wa maniyyaci haka tun a wajen bita ba, atishawa ɗaya zai yi a Muzdalifa ya yanke hukunci an cuce shi.

Ita infuluwenza ba ta sallama. Mutum zai yi azahar lafiyarsa lau, kafin magariba zazzaɓi ya rufe shi, kai kaman zai tsage, gaɓoɓi kaman an yi masa dukan kawo wuƙa, ga busasshen tari, ga kasala irin wadda ko buta ba ya iya ɗagawa. Ku da kanku kun ji wannan siffa ta yi kama da me, ai maleriya, shi ya sa mafi yawan masu ita a wajenmu maganin maleriya suke sha, in bai yi ba a ce taifot ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan biliyan 1 ne ke kamuwa da ita duk shekara, miliyan 3 zuwa 5 ta yi musu tsanani, sannan tsakanin 290,000 da 650,000 su rasu ta dalilin abun da take yi wa numfashi. Matashi mai jini a jika galibi zai sha wuya ya tashi. Waɗanda take ɗauka su ne tsofaffi da ƙananan yara da masu ciki da masu suga da asma da ciwon zuciya ko ƙoda, wato dai in kuka ɗaga kai kuka dubi sahun gaba a wajen bitarku, su ne.

Yanzu ga lambar da na ɓoye wa Kawu. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, duk shekara tana auna ƙarfin allurar, kuma abun da take faɗa shi ne, a shekarar da allurar ta dace da ƙwayar da ke yawo, tana rage haɗarin kamuwa da kaso 40 zuwa 60 cikin 100. Shikenan fa. A sanyin 2010 zuwa 2011 ta kai 60, a na 2017 zuwa 2018 ta tsaya wajen 38, a na 2014 zuwa 2015 kuwa 19 kacal ta yi, akwai ma shekarar da ta sauko har 10. Su masu abun ba su ɓoye ba, a fili suke bugawa kowa ya gani, mu ne a nan muke jin kunyar faɗa kaman mu muka haɗa ta. In ka ajiye ta kusa da allurar ƙyanda, wadda sau biyu in an yi wa yaro take kaiwa wajen 97 cikin 100, wallahi ta mura abar tausayi ce, kuma ni ban ga amfanin yi mata kwalliya ba.

Mutane kuma suna rikicewa da wannan kason, wani sai ya ɗauka wai rabin jikinsa ne ya samu kariya, ko kuma rabin waɗanda aka yi wa dole su kwanta. Bari in buga misali, misali ne kawai don a gane. A ce tanti biyu ne a Mina kowanne da mutum 100, na farko ba wanda ya yi allura, infuluwenza ta shiga ta kwantar da 10. Na biyu kowa ya yi, a shekarar da ta dace, maimakon 10 sai 4 zuwa 6 su kwanta. Waɗannan da suka kwanta su ne za su dawo gida su yi ta yayatawa a majalisa cewa allurar banza ce. Su kuwa biyar ɗin da ta tsare ba su ma san an tsare su ba, sun yi jifansu sun yi ɗawafinsu sun sayo tsaraba sun dawo, ba wanda zai zauna a zaure ya ba da labarin ciwon da bai yi ba. Wannan shi ne rashin sa'ar rigakafi a ko'ina, masu ƙorafi ne kawai ke da baki.

Me ya sa take hawa tana sauka haka? Saboda ƙwayar ba ta zama wuri ɗaya, kullum cikin sauya kama take, kaɗan-kaɗan, har garkuwar jiki ta daina gane ta. Tun 1952 Hukumar Lafiya ta Duniya ke da ɗakunan gwaji, yanzu a ƙasashe sama da 100, suna tattara majinar mutane suna bibiyar yadda take sauyawa, sannan sau biyu a shekara masana su zauna, a Fabrairu su zaɓi irin da za a sa a allurar ƙasashen da ke sanyi daga Nuwamba, a Satumba su zaɓi na ƙasashen kudu irin su Ostareliya da Afirka ta Kudu da sanyinsu ke zuwa wajen Yuni. Daga ranar da aka zaɓa zuwa ranar da allurar za ta shiga dantsen mutum an yi wata 6 ko fiye. Kaman ka kai wa tela ɗinkin babbar sallah ne tun watan Rajab, da awon yaron da ke cikin girma, wata shekarar riga ta zauna ɗas, wata shekarar ka tarar hannu ya ɗage wuya ya matse, amma ko wadda ta ɗagen in ya sa ta rufe masa wani abu. Abun da ya faru a 2014 kenan, nau'in da ake kira H3N2 ya sauya bayan an riga an yanka yadi. Shi wannan H3N2 ɗin dama shi ne ɗan taurin kai a cikinsu, ya fi saurin sauyawa kuma ya fi cin tsofaffi.

Wani abun mamakin ma, mafi yawan allurar nan har yau a cikin ƙwan kaji ake renon ƙwayar kafin a kashe ta a tace, kuma garin sabawa da zaman ƙwai takan ɗan sauya ita ma, sai ta bambanta da 'yar uwarta da ke yawo a gari. Ga kuma tsufa, jikin ɗan shekara 70 ba ya amsa allura kaman na ɗan 30, shi ya sa a wasu ƙasashen ake yi wa 'yan sama da 65 wata mai ninki huɗu. Sannan ƙarfinta na raguwa cikin watanni, ta bara ba ta yi wa bana.

Na san a nan wani malamin zai ce toh kai ɗan nan, duk ka gama kushe hajarka, me kuma kake so mu tallata? Allah gafarta malam, da babu gara ba daɗi, kuma wannan ma ta wuce ba daɗi. Rage rabin masu kwanciya a taron da ya haura mutum miliyan 1.8, kaman yadda aka yi a 2023 da 2024, ba ƙaramin abu ba ne. Mutum ya tara kuɗin nan shekara da shekaru, wani gona ya sayar wata shanunta ta kaɗa, sai a ce ranar Arfa yana kwance yana rawar ɗari, jifa sai wakilci, ɗawafi sai a keke. Amma babban dalilina ba ma wannan ba ne. Wanda ya yi allurar kuma ta kama shi duk da haka, galibi ba ta yi masa kamun wanda bai yi ba, an fi samun sauƙin kaiwa ga kwanciya asibiti da shiga ɗakin kulawa ta musamman da rasa rai. Ita wannan cuta ba a hanci take kisa ba, hanya take buɗe wa nimoniya, ta hargitsa sugan mai suga, ta tayar da asma, ta matsa wa zuciya. Wani bincike da aka yi a Kanada aka wallafa a 2018 ya gano cewa a makon farko bayan gwaji ya tabbatar mutum na ɗauke da ita, haɗarin bugun zuciya na ninkawa kusan sau 6. Irin wannan in ta faru ba wanda zai ce mura ce, cewa za a yi Alhaji ya yanke jiki ya faɗi.

Ku kuna ganin alhazai lokacin tafiya, da sabon yunifom da jaka da murna. Mu kuma muna ganinsu bayan sati biyu da dawowa. Akwai wata Hajiya da ba na mantawa, 'ya'yanta suka kawo ta da asuba a bayan mota, sun ce tun a jirgi take zazzaɓi amma an ɗauka gajiyar Hajji ce, ga baƙi ba su bar ta ta huta ba, an sayo mata na maleriya a kemis, an sayo na taifot, an yi sirace da ganye, sai a kwana na 8 da aka ga magana ma ba ta iya haɗawa sai ta tsaya ta ja numfashi. Na maƙala mata ɗan abun nan da muke sawa a yatsa, lambar da ya kamata ta haura 95 tana ta lilo a tamanin da 'yan kai. Lallen da aka yi mata na tarba ko gogewa bai yi ba a hannun da nake neman jijiya. Kwananta 11 a kan oksijin, Allah ya yi da sauran shan ruwa ta tashi. Babban ɗanta ya ce min wallahi da ya san mura na iya haka da tun ranar farko ya kawo ta, kuma na yarda da shi, don ba wanda ya taɓa gaya masa.

Shi aikin Hajji kuwa in ana neman inda cutar numfashi za ta yi kasuwa, an samu. Ɗan Indunusiya, su da ke zuwa sama da 200,000, da ɗan Turkiyya da ɗan Pakistan da wanda ya taso daga ƙasar da ake tsakiyar sanyi a watan Yuni, kowa ya zo da irin tasa, a haɗu kafaɗa da kafaɗa a ɗawafi, a kwana katifa na gogar katifa a Mina esi na juya iska ɗaya a tanti, ga rashin barci ga tafiyar ƙasa ga zafi. Kujerun Najeriya kaɗai 95,000 ne aka ware a 2023 da 2024, ban da 'yan uwanmu na Nijar. Ma'aikatar lafiya ta Saudiyya duk shekara a takardar sharuɗɗanta tana ba mahajjata shawarar yin allurar mura, musamman tsofaffi da masu ciwon da ba ya rabuwa da mutum. Sai dai mu kun san halinmu, abun da aka ce dole ne shi ake bi wa layi, ta sanƙarau ba mai tsallakewa tunda ba ta ba tafiya, ita ma sai da annoba ta ɓarke a Hajjin 1987, sannan ta 2000 da 2001, kafin aka tsaurara ta haka. Wadda aka ce shawara ce kuwa ko labarinta maniyyaci ba ya ji.

Shi ya sa na zo gare ku ban je gidan rediyo ba. Maniyyaci zai yi sati da sati yana zuwa gabanku, ya koyi ɗaura harami, ya zagaya ɗan akwatin da kuka lulluɓe da baƙin yadi yana koyon ɗawafi, duk abun da kuka ce masa wajibi ne ko mustahabbi haka zai riƙe har ya dawo. Ni in na yi magana cewa za a yi ɗan boko ne ko kamasho yake ci. Kuma ban ga laifin mutane ba, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Ba a manta 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau a Kano da kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan, gwajin da aka sa yara kusan 200 a ciki, 11 suka rasu wasu suka nakasa. Magani ne ba rigakafi ba, amma a zuciyar mutanenmu duk allura ce, kuma tabon na cikin abun da ya sa aka dakatar da ɗigon shan inna a Kano a 2003 sai a 2004 aka dawo da shi. Waye ya dawo da mutane? Ai bakin sarakuna ne da na malamai, har aka kai 2020 aka ce Afirka ta rabu da asalin ƙwayar. Al'ummar da aka taɓa ɓoye wa gaskiya irin haka ba a lallashinta da ƙarin gishiri, ko da gishirin na alheri ne irin nawa.

Maganar tawakkali kuma ba ni zan tuna muku labarin Sayyidina Umar da annobar Sham ba, ku kuka karantar da mu shi. Wannan fagenku ne na bar muku.

Abun da nake roƙo minti 10 ne a cikin duk makonnin bita, ku kira ma'aikacin lafiya ya tsaya kusa da ku ko ku faɗa da bakinku. A ce musu allurar nan ba ta hana tarin alhazai, tana rage haɗarin mugunyar murar ne da kusan rabi in shekara ta yi kyau, ƙasa da haka in ba ta yi ba, kuma in ta kama ka ana sa ran ta zo da sauƙi. A ce musu jiki na buƙatar sati 2 kafin ya haɗa kariyar, wanda aka yi wa a sansanin alhazai ana gobe tashi zai sauka Madina ba shi da komai tukuna, ba a fafe gora ranar tafiya. Za su ce muku wance an yi mata kuma washegari ta tashi da mura, toh ƙwayar da ke cikin ta allura matacciya ce ba ta iya haihuwa a jiki, abun da kan faru dantse ya yi tsami, wani ya ji ɗan zazzaɓi da ciwon jiki kwana ɗaya ko biyu, in kuwa mura ce sosai toh dama ta riga ta shiga ko kuma ɗaya daga ɗari biyun can ce. Za kuma a tambaye ku batun alade, na tabbata, don an tambaye ni ba sau ɗaya ba. Wadda aka sani da sinadarin gelatin na alade ita ce ta fesawa a hanci da ake yi wa yara a Ingila da Amurka, mafi yawan na allura babu shi, kuma takardar cikin kwali tana lissafa duk abun da aka sa, a buɗe a karanta a gaban mutum. Wanda kuma ya taɓa yin mummunan borin jini bayan irin wannan allura ya faɗa wa likita kafin komai.

In kun samu zama da jami'an hukumomin alhazai, dan Allah ku isar musu da wannan ma. Allurar mura ba ta cikin waɗanda ake yi kyauta a asibitocin sha-ka-tafi, wanda ke birni da kuɗi a hannu ne ke iya nemanta, shi kuwa tsohon da ya taso daga ƙauye ko sunanta bai sani ba, alhali shi ya fi buƙata. In za a iya tanadar ta ko da ga 'yan sama da 60 da masu suga da asma da ciwon zuciya ne, ranar da ake tantance lafiya, an yi babban aiki. Sai dai a kula, yanzu aikin Hajji tsakanin Mayu da Yuni yake faɗowa, lokacin da allurar da aka haɗa don sanyin da ya wuce ke dab da ƙarewar wa'adi, sai a duba kwanan watan da ke jikin kwali. Kuma abu ce mai son sanyin firji, maki 2 zuwa 8, in ta yi ƙanƙara ta lalace in ta sha zafi ta lalace, a garin da wuta ke zuwa kaman baƙo wannan ba ƙaramar magana ba ce, mutum na da haƙƙin ya ga daga inda aka ciro ta.

Sai batun jakar magani. Kusan duk alhajin da na sani da kwalin amoksisilin ko Augmentin yake tafiya, yana fara tari ya hau haɗiya, ya kuma raba wa 'yan ɗaki kaman goro. Antibayotik ba ya taɓa bairos, ko ta yau da gobe ko infuluwenza. Ita tana da nata maganin, Tamiflu, wanda ya fi aiki in an fara shi cikin awa 48 na farko, saboda haka tsoho ko mai suga in zazzaɓi ya rufe shi farat ɗaya ya nufi asibitin tawaga a ranar, kada ya ce bari a gama jifa. Hukuncin sa takunkumin hanci ga mai harami kuma ku kuka san shi, amma ku yi musu bayaninsa filla-filla tun a gida, don na ga masu cire shi a tsakiyar cunkoso saboda wani a tanti ya ce musu sai sun yi yanka. In an dawo kuma, Hajiya na tari a daina miƙa mata jaririn da aka haifa ba ta nan wai ta sa masa albarka, ɗan ƙasa da wata 6 ba a yi masa allurar, ba shi da komai sai abun da ya samu daga uwarsa, albarkar ta jira sati ɗaya ba za ta huce ba.

Kakanninmu ba su raina mura kaman mu ba. Annobar 1918 da suka kira marisuwa ai infuluwenza ce, ta shigo Legas ta jirgin ruwa a watan Satumba ta biyo layin dogo zuwa Arewa, masu tarihi na ƙiyasin ta ci mutum wajen 500,000 a Najeriya cikin 'yan watanni, a duniya kuwa ana maganar miliyan 50. A lokacin ba a ma san ƙwayar ba, sai 1933 aka gano ta, allurar kuma sai a shekarun 1940. Ba ina cewa irinta ke jiran alhazai ba, ta duk shekara ba ta kai nan ba ko kusa, amma dangi ɗaya ne.

Shi kuwa Kawu, da ya tashi zuwa Umarar azumi na cire kunya na je na same shi bayan la'asar, na ce Kawu wancan karon ƙarya na yi maka, ga gaskiyar abun, na zayyana masa duk wannan da na rubuta muku har da misalin tanti biyu. Ya yi shiru yana jan carbi har na ɗauka kora ta zai yi. Can ya ce, "Toh ai da haka ka ce tun farko." Sai kuma ya ce zai yi, amma tunda na ce rabin aiki take yi shi ma rabin kuɗi zai biya, ni in cika sauran. Na cika.

Wassalam. Ɗalibinku, wani malamin asibiti.